Fada ko Sakatariya? Tarihin Riƙon Gari a Malumfashi

Duk mai sauraron rediyo ya saba da jin ana cewa Magajin Garin Landan ya yi kaza, ko kuwa Magajin Garin Maraɗi ya buɗe sabuwar kasuwa. Abin da masu fassarar labarai ke nufi da wannan suna shi ne mutum guda wanda aka zaɓa, aka danƙa masa kuɗin gari da ragamar ayyukansa, tun daga shara da kasuwa har zuwa tarbar baƙi. To amma a ƙasar Katsina kalmar Magaji tana da nata gurbi tun kafin zuwan rediyo, domin a wurare da yawa dagaci ake kira Magaji. Saboda haka in baƙo ya sauka a tashar motar Malumfashi, ya ce wa ɗan acaɓa ya kai shi wurin mai riƙe da garin, kada ya yi mamaki in ɗan acaɓan ya waiwayo ya tambaye shi, "Fada ko sakatariya?"

Ɗan acaɓan nan yana da gaskiya, kuma tambayarsa tana da tarihin da ya wuce shekara ɗari. A fada akwai Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi. A sakatariya kuwa akwai shugaban ƙaramar hukuma, wanda kowa ke kira ciyaman. Aikin da mutum guda ke yi a wasu ƙasashe, a nan an tsaga shi gida biyu, kuma abin da nake so in bi sawunsa a wannan maƙala shi ne yadda aka yi tsagin, da abin da ya faɗo wa kowane ɓangare.

Ba wai Nijeriya ba ta taɓa gwada magajin gari irin na Turawa ba ne. Legas ta sami nata na farko cikin 1950, wato Dakta Olorun-Nimbe, kuma a shekarun nan na 1950 mutumin da ya fara riƙe wannan muƙami a Inugu ɗan Arewa ne daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine. Amma ita Arewa ba ta bi wannan hanya ba. Tana da En'e, kuma a gunduma, En'e ita ce hakimi.

Daga birni zuwa gunduma

Sarautar Galadima tsohuwa ce a ƙasar Hausa, masana kuma suna ganin daga Barno aka aro ta. A Katsina Galadima yana cikin manyan nan huɗu masu zaɓen sarki, shi da Ƙaura da 'Yandaka da Durɓi. Bayan jihadin da ya kawo Ummarun Dallaje kan gado cikin 1807, sarautar ta koma hannun Fulani Danejawa, Galadima Dudi shi ne na farkonsu. Kudancin ƙasar, wanda marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi bayaninsa da sunan Katsina Laka a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981, wuri ne mai ƙasa mai nauyi da ruwan sama wadatacce, inda dawa da auduga ke yi, inda kuma tsofaffin garuruwa irin su Maska da Gozaki suka yi suna. Duk wanda aka ba riƙon wani yanki na wannan ƙasa, an ba shi rumbu ne.

Sai dai a wancan zamani babban basarake ba a ƙauye yake zaune ba. A birni yake, kusa da sarki, garuruwansa kuwa a warwatse suke, wani nan wani can. Tsakaninsa da talakawansa akwai jakadu, su ke zuwa su karɓo kuɗin ƙasa da zakkar hatsi, su ke kai umurni su komo da labari. Talaka yana iya tsufa ya mutu bai taɓa ganin fuskar ubangidan garinsu ba, sai dai ya san jakada da dokinsa.

Turawa ne suka rushe wannan tsari. Gwamna Lugga ya shigo Katsina cikin 1903, kuma zuwa 1906 an tuɓe sarakuna biyu, an naɗa Durɓi Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta har 1944. A zamaninsa ne, tare da Razdan Palmer, aka tattara garuruwan da ke warwatse aka yanka su gunduma-gunduma, aka kawar da jakadu, aka ce kowane hakimi ya fita daga birni ya je ya tare a cikin ƙasarsa. Katsina tana cikin wuraren farko da aka kafa Baitulmali, inda ake zuba haraji a rubuce, hakimi kuma ya koma mai albashi maimakon ya yanki rabonsa da hannunsa. Ta haka ne Ƙaura ya zama na Rimi, 'Yandaka na Dutsin-ma, Durɓi na Mani, Galadima kuwa na Malumfashi. Manyan fadawan birni suka wayi gari masu riƙon garuruwa, kowa da zaurensa da malamansa da dogarawansa.

Aikin hakimi a zamanin En'e

In mai karatu yana son sanin abin da ya fi kama da magajin gari a tarihin Malumfashi, to hakimin wannan zamani ne, daga farkon mulkin Dikko zuwa wajen 1967. Kusan babu wata harka ta jama'a da ba ta bi ta ƙofar gidansa.

Uwar ayyukan ita ce haraji. Kowace shekara mai unguwa zai ƙirga magidanta da samarin da suka isa biya, ya kai wa magaji, magaji ya kai wa hakimi, malamin haraji ya rubuta. In kaka ta yi, amfanin gona ya shigo gida, sai a fara karɓa, kowa a ba shi takardarsa. Da damina kuwa lokacin jangali ne, a bi Fulani rugga-rugga ana ƙirga shanu, su kuma suna kora wasu cikin daji kafin malamai su iso. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, cikin hula yake ajiye takardar harajinsa, domin a kan hanyar kasuwa ɗan doka yana iya tsayar da mutum ya ce a nuna, in babu a ɗaure. Har ya rasu, shekaru da yawa bayan an daina tambaya, in zai yi tafiya sai ka ga ya shafa hular.

Abin da mutane kan manta shi ne, wannan ƙidaya ta haraji ita ce ta sa hakimi ya san ƙasarsa kamar tafin hannunsa. Ya san gida nawa ne a kowace unguwa, wa ya mutu, wa ya yi ƙaura, wane baƙo ya sauka a gidan wa. Ba don ƙaunar talaka aka tsara haka ba, don kada kwabo ya ɓace ne. Amma littafin da aka buɗe don karɓa, da shi ake aiki in annoba ta zo ko fari ya yi.

Sai kuma auduga, wadda ita ce ta bambanta hakimin wannan yanki da na arewacin Katsina. Tun da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, kamfanin BCGA ya kafa gidajen gurza a Funtuwa da Malumfashi, aka kuma buɗe gonar iri a Daudawa, sai wannan yanki ya zama zuciyar noman auduga a Arewa. Ta hannun En'e ake raba angurya, hakimi ya ba magaji, magaji ya ba masu unguwanni. Shi ke sa a yi shela lokacin shuka. In an buɗe fuloti, ana sa ran ya sa ido a kan awo da tsari. In an gama cira kuwa, akwai dokar da ta ce a tuge itacen auduga a ƙone kafin wata damina don kashe ƙwari, kuma wanda ya ƙi, gaban alƙali za a kai shi. Wato dai shi ne malamin gona na farko, sauran malaman gona kuwa da bakinsa suke magana.

Haka nan in za a yi lambar agana, shi ke tara mutane. In sanƙarau ya ɓulla da bazara, shi ke kai rahoto. Duba-gari yana shiga gida ya leƙa randa da salga ne da ƙarfin sunansa. In an buɗe elementare, shi za a ce ya kawo yara, kuma sanannen abu ne yadda masu hali suka riƙa ɓoye nasu, aka riƙa kama 'ya'yan marasa gata, waɗanda daga baya su ne suka zama manyan ma'aikata. A shekarun 1950 da aka ɗaura yaƙi da jahilci, a zaurukan magadai da masu unguwanni aka buɗe azuzuwa da yawa. Ga rikicin iyakar gona, ga burtali da mashaya tsakanin manomi da makiyayi, ga gyaran hanya bayan damina, ga saukar Di'o in ya zo rangadi, da kaji da ƙwai da itace da ciyawar doki, duk daga aljihun talaka.

A nan ya kamata in tsaya in faɗi wani abu, domin akwai dattawan da in suna ba da labarin En'e sai ka ɗauka aljanna ce ta wuce. Ba haka ba ne. Gyaran hanyar nan aikin tilas ne. Tsakanin 1942 da 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an ɗebi dubban mutane daga lardunan Arewa, har da Katsina, zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos, abin da aka kira ɗiban gwamna, kuma ta hannun hakimai da dagatai aka fitar da su. Da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su a can. Mutumin da ke karɓar haraji shi ke da dogarai, alƙalin gunduma kuma a inuwarsa yake zaune, gidan yari na En'e ne. In ya zalunce ka, wurin wa za ka kai ƙara? Hakimi nagari yakan zama uba, amma tsarin bai tanadi komai ba don ranar da aka sami mugu.

Wannan ne ya sa cikin watan Agusta 1950 abubuwa biyu suka faru kusan a tare. A Kano aka kafa NEPU, wadda babban kukanta shi ne zaluncin En'e. A Kaduna kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ba ɗan tawaye ba ne, ya tashi a majalisa ya nemi a yi wa tsarin garambawul. Dokar En'e ta 1954 da majalisun gunduma da aka kafa a shekarun nan sun sa hakimi ya fara zama da wakilan jama'a, ana tattauna inda za a gina rijiya ko rumfar kasuwa. Amma shi ne shugaban zaman, kuma ba kowa ke iya ɗaga ido ya musa wa rawani ba.

Yadda aka tuɓe wa rawani makamansa

Abin da 'yan siyasa suka yi shekara goma sha biyar suna jayayya a kai, sojoji sun gama shi cikin 'yan shekaru. Bayan an yanka jihohi a 1967, Katsina ta faɗa Jihar Arewa ta Tsakiya, sai aka karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mai da su na gwamnatin jiha a 1968. 'Yan doka aka narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya, gidajen yari suka koma na tarayya. Bulala ta fita daga hannun hakimi ke nan.

Sa'an nan sai gyaran ƙananan hukumomi na 1976, zamanin Janar Obasanjo, wanda wani Bakatsine, Birgediya Shehu Musa 'Yar'aduwa, ya rubuta gabatarwar kundinsa. Aka soke En'e ɗungurum, aka kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya daga Legas har Barno, sarakuna kuma aka ba su majalisar masarauta mai ba da shawara. Malumfashi ta zama hedkwatar ƙaramar hukuma, tana cikin guda bakwai ɗin nan da Jihar Katsina ta gada ranar da aka ƙirƙire ta, 23 ga Satumba 1987, tare da Katsina da Daura da Mani da Dutsin-ma da Kankiya da Funtuwa. Jaka ta bar fada ta koma sakatariya.

Abin da ya rage wa hakimi na ƙarfi shi ne karɓar haraji a madadin sabuwar hukuma. Shi ma bai daɗe ba. Da PRP ta ci Jihar Kaduna a 1979, Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Talakawa sun yi murna, kuma suna da hujjar yin ta. Ko da yake an sake ɗora harajin a wasu lokuta bayan haka, bai ƙara komawa yadda yake ba. Sai dai babu wanda ya tsaya ya tambaya: in an rufe littafin haraji, wa zai ci gaba da ƙirga mutane? Har yau ba a sami abin da ya maye gurbinsa sosai ba.

A daidai wannan tsakani wasu baƙin hukumomi suka shigo yankin da kuɗin da En'e ba ta taɓa mafarkinsu ba. Daga 1975 zuwa 1980 aka gudanar da Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa da bashin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar, sauran biyun suna Gusau da Gwambe. Ya haɗa gundumomin Funtuwa da Bakori da Faskari da Ƙanƙara da Malumfashi. Ya gina hanyoyin karkara da cibiyoyin sayar da takin zamani, ya kuma yaɗa noman masara a inda da dawa ce sarauniya. Manajojinsa ba sa ƙarƙashin hakimi, ba sa ƙarƙashin ciyaman. Amma masu bincike da suka bi sawun shirin sun nuna cewa manyan manoma da masu sarauta da 'yan kasuwa ne suka fi cin moriyar taki da garma, alamar cewa an rage wa rawani iko a takarda, ba a raba shi da sanin hanya ba. A shekarun nan kuma asibitin Malumfashi yana cikin asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, likitocin jami'ar da na Liverpool ta Ingila suka yi shekaru suna binciken tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji a ƙauyukan gundumar, har sunan Malumfashi ya shiga mujallun likitanci na duniya. Duk wanda ya san karkararmu ya san baƙo ba ya shiga gida-gida yana neman jini da fitsarin mutane ba tare da ya fara sauka a zauren magaji ba.

Ciyaman da igiyarsa

To, shi wanda aka ba jakar fa? A takarda aikinsa a bayyane yake. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa su: kasuwanni da tashoshin mota da mahauta, maƙabartu, kwashe shara, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sanya wa tituna suna da gidaje lamba, da hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya da noma. Wannan shi ne aikin magajin gari ko'ina a duniya, kuma ƙaramar hukumar Malumfashi, ko bayan an fitar da Kafur daga cikinta, ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 180,000.

Matsalar ita ce kujerar ba ta cika samun mai zama da ƙafafunsa ba. Duk tsawon Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, ba a yi zaɓen ƙananan hukumomi ba, gwamnoni suka riƙa naɗa 'yan riƙo. Soja suka zo da kantomomi. Zamanin Janar Babangida ne aka ɗan sami sarari: an yi zaɓe ba jam'iyya a Disamba 1987, aka yi na SDP da NRC a Disamba 1990, aka ɗaga kason ƙananan hukumomi daga kashi 10 cikin ɗari zuwa 15, sa'an nan zuwa 20 a 1992, kuɗin kuma suna zuwa kai tsaye. Mutane da yawa a garuruwanmu, in ka tambaye su yaushe suka ga ciyaman yana aiki da kansa, wannan lokaci suke ambata. Ban ce ba a ci kuɗi ba a lokacin. An ci. Amma mai ci yana cikin gari, ana haɗuwa da shi a masallacin Juma'a da wurin jana'iza.

Tsarin mulkin 1999 ya dawo da asusun haɗin gwiwa, inda kuɗin ƙaramar hukuma ke fara sauka a hannun jiha. Daga nan ciyaman ya zama mai jiran abin da aka sako masa, wanda sau da yawa albashi kawai yake biya. A Katsina an ga ƙarshen abin a 2015, lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta rushe zaɓaɓɓun majalisun da ta tarar. Kotun Ƙoli ta ce rushewar ta saɓa wa doka, amma sai a watan Mayu 2021 hukuncin ya fito, bayan wa'adin mutanen ya daɗe da ƙarewa. Ba a sake zaɓe ba sai Afrilu 2022. Kusan shekara bakwai ke nan Malumfashi da sauran ƙananan hukumomi 33 ba su da shugaban da jama'a suka zaɓa. A zaɓen Fabrairu 2025 kuwa jam'iyya mai mulki ce ta kwashe kujeru 34 duka, kamar yadda ake yi a kusan kowace jiha ko wace jam'iyya ce ke riƙe da ita. Wanda ya san ba ƙuri'ar unguwarsu ce ta kawo shi ba, ya san inda zai riƙa kai gaisuwa.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kada a ba wadda ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba. Shekara guda bayan haka ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, tana ta kukan ba a aiwatar ba.

Alƙalai a kan karaga

Wani abin sha'awa a tarihin Malumfashi shi ne, bayan an raba sarauta da shari'a, sai sarautar ta koma hannun masu shari'a. Cikin 1992 Sarkin Katsina Muhammadu Kabir Usman ya naɗa Mai Shari'a Mamman Nasir Galadima. An haife shi a 1929, ya zama lauya a Landan a 1955, ya riƙe Ministan Shari'a a gwamnatin Sardauna daga 1961 har juyin mulkin 1966, ya hau Kotun Ƙoli a 1975, ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasa daga 1978 zuwa 1992. Ko yana kan karaga gwamnati ba ta bar shi ba, domin shi ya shugabanci kwamitin aiwatar da shirin miƙa mulki na Janar Abacha, aikin da har yau ra'ayi ya rabu a kansa. Ya yi shekara ashirin da bakwai yana Galadima, ya rasu ranar 13 ga Afrilu 2019, Allah ya ji ƙansa. Wanda Sarki Abdulmumini Kabir Usman ya naɗa a bayansa shi ma alƙali ne, Mai Shari'a Saddik Abdullahi Mahuta, tsohon Babban Jojin Jihar Katsina.

Ka duba wannan al'amari. Mutumin da ya yi shekara goma sha huɗu yana warware hukuncin manyan kotunan ƙasa, ya dawo zaure inda doka ba ta ba shi ikon ɗaure ko ɓarawon kaza ba. Tsarin mulkin 1999 ko ambaton sarakuna bai yi ba. Duk da haka zauren hakimi ba ya rabuwa da mutane: masu rikicin gado da ba sa son a ji su a kotu, manomi da makiyayin da shanu suka shiga tsakaninsu, yaron da ke neman shaidar zama ɗan ƙasa don shiga makaranta ko aikin soja, limamai da shugabannin coci in an ji ƙishin-ƙishin ɗin fitina, 'yan takara masu neman albarka. Kotu tana yanke hukunci ne wani ya ci wani ya faɗi. A zaure ana neman yadda mutum biyu za su ci gaba da zama maƙwabta, kuma ba a biyan lauya.

Gwamnati da kanta ta san haka, ko da ba ta rubuta ba. Bayan turjiyar da aka yi wa allurar shan inna a Arewa a 2003 da 2004, babu abin da ya buɗe ƙofofin gidaje kamar kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya da aka kafa a 2009 ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar. Hakimai suka ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu a bainar jama'a, masu unguwanni suka bi ma'aikata gida-gida, har aka kai ga Agusta 2020 da aka tabbatar an rabu da ƙwayar cutar ta daji a Afirka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: mai unguwar da ya yi wannan yawo, abin da yake samu a wata bai kai ya saya wa iyalinsa buhun masara ba.

Inda tsagin nan ya fi ciwo shi ne tsaro. Tun da ta'addancin 'yan bindiga ya gangaro daga dazuzzukan yamma, aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara cikin Disamba 2020, yankin da ke ciyar da jiha ya zama wurin da manomi ke tsoron gonarsa. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoba 2023. Duk da haka ranar 19 ga Agusta 2025 'yan bindiga suka afka wa masallata suna sallar asuba a Unguwar Mantau, cikin ƙaramar hukumar Malumfashi, suka kashe mutane da yawa. A irin wannan dare wayar mai unguwa da ta magaji ce ke fara ƙara, su kuma su kira hakimi. Su suka san hanyoyin daji, su suka san baƙon fuska, su ne kuma ke kwana a inda za a iya zuwa a ɗauke su. Ba su da ko ɗan sanda ɗaya da za su ba umurni. Ciyaman, wanda ake kira shugaban kwamitin tsaro na ƙaramar hukuma, shi ma ba shi da shi, domin 'yan sanda na tarayya ne. Kowannensu sai dai ya buga waya gaba.

An sha kai ƙuduri Majalisar Tarayya don a rubuta wa sarakuna aiki a tsarin mulki. Ni dai ina ɗari-ɗari da masu son a mai da hannun agogo baya, domin na ga hular mahaifina. Amma ina ganin ba daidai ba ne a bar wanda ya san mutane ba shi da abin hannu, wanda ke da abin hannu kuma ya zama ba mutanen ne suka ɗora shi ba.

Bayan an cire tallafin man fetur a 2023, aka aiko da hatsi don a raba wa mabuƙata, na je gaisuwa wani ƙauye a kudancin gari, na tarar da wani matashin jami'i zaune a kan tabarma a zauren magaji, da takardu a cinyarsa. An ce ya kawo sunayen gidaje mafi buƙata kafin la'asar, shi kuwa ba shi da ko ɗaya. Magajin, tsoho ne da ya fara aiki yana yaron malamin haraji, ya sa aka kira masu unguwanninsa huɗu. Suka zauna suna faɗa da ka, gida bayan gida, daga bakin rafi har zuwa tsamiyar makaranta: wannan mijinta ya rasu bara, wannan an karɓe masa shanun huɗa a kuɗin fansa, waɗancan baƙi ne da suka gudo daga yamma, su goma sha ɗaya a ɗaki biyu. Jami'in yana rubutawa har biro ya ƙare, aka aiki yaro shago ya sayo wani.